Sharhi: Idon Mai Ciwon Suga da Hasken Leza

Sharhinmu na yau ya shafi duk gidan da ake da mai ciwon suga, kuma a wannan zamani irin gidajen nan sun yi yawa, birni da ƙauye. Za mu yi magana ne a kan ido, yadda suga ke cin sa a ɓoye, da kuma aikin da likitoci ke yi da wani haske da ake kira leza domin su tsare wa mutum ganinsa.

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ina da kawu, ƙanen mahaifiyata, tela ne da ya tsufa a kan keken ɗinki. Ya yi shekara 12 yana fama da suga. Idan jiki ya matsa ya sha magani, idan ya ji dama-dama ya ajiye. Da zare ya fara ƙin shiga kafar allura, sai ya ce girma ne ya zo, ya tsaya wajen masu tallar tabarau a bakin kasuwa, ya gwada uku, ya ɗauki wanda ya fi yi masa daidai, ya koma bakin aikinsa. Rannan bayan sallar asuba, yana zaune yana lazimi, sai ya ga wasu baƙaƙen zare-zare suna yawo a idonsa na dama, kamar an ɗiga tawada a cikin ruwa. Kafin azahar, wani jan hayaƙi ya rufe idon gaba ɗaya. Babu zafi, babu ƙaiƙayi, babu kwantsa. In ka kalli idon, fari ne tas kamar na kowa.

Aka shiga ba da shawara. Wannan ya ce tozali, wancan ya ce zuma, wata tsohuwa ta ce ciwon ido sai haƙuri. Bayan 'yan makonni hayaƙin ya ɗan kwanta, kawu ya fara ganin inuwar mutane, sai kowa ya ce ai ga shi magani ya karɓe shi. Ba mu san cewa jini ne ya zuba a cikin idon ba, kuma kwanciya kawai ya yi kamar yadda laka ke kwantawa a gindin randa. Da ya sake zuba karo na biyu, gani bai dawo ba. Sai da aka yi wata biyar sannan muka kai shi asibitin ido.

Likitar da ta duba shi ta ɗiga masa magani, ta jira ƙwayar idon ta buɗe, ta haska ciki, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Baba, idon dama ya yi nisa, za mu yi iya ƙoƙarinmu a kansa. Amma ni hankalina yana kan na hagu." Kawu ya ce, "Likita, ai na hagu lafiyarsa ƙalau. Da shi na zo nan, da shi nake ganinki." Ta ce, "Shi ya sa nake so mu yi sauri, Baba. Abin da ya sami ɗan'uwansa ya riga ya kama hanya a cikinsa. Ina so mu yi masa leza cikin makon nan." Kawu ya juyo ya dube ni, ya ce, "Ka ji fa, idon da nake gani da shi za a ƙona."

Wannan tsoro na kawu shi ne tsoron mutane da yawa, kuma ba ya gushewa sai an fahimci abin da ke faruwa a cikin idon. A can ƙuryar ido, ta baya, akwai wani siririn tantani da ke shimfiɗe kamar an lulluɓe cikin ƙwarya da kyalle. Likitoci na kiran sa retina, mu kuma bari mu ce masa tantanin gani. Duk abin da ka kalla, a kansa hoton yake sauka, shi kuma ya aika wa ƙwaƙwalwa. A tsakiyarsa akwai wani ɗan wuri wanda bai fi ƙwayar dawa girma da yawa ba, da shi kake karatu, da shi kake gane fuskar ɗanka, da shi tela ke zura zare. Sauran faɗin tantanin kuwa shi ke ba ka ganin gefe da ganin dare. Abin da ke ciyar da wannan tantani wasu ƙananan jijiyoyin jini ne, waɗanda suka fi gashin kai sirantaka.

Idan suga ya daɗe yana hawa a cikin jini, sai ya riƙa raunana bangon waɗannan jijiyoyi, shekara bayan shekara. Ɓarnar iri biyu ce. Ta farko, jijiyar ta riƙa yoyo, ruwa da maiƙo su tsattsafo su taru a tsakiyar tantanin, wurin ya kumbura. Mai wannan matsala zai ga rubutu ya dushe, layin da yake miƙe ya karkace, kuma duk tabaran da ya saka ba ya gyara masa. Ta biyu, jijiyoyin su toshe, wani yanki na tantanin ya rasa jini da iskar oksijin. Yankin da ya shiga wannan yunwa sai ya fara fitar da wani sinadari, kamar mai neman agaji, yana kiran a tsiro masa da sababbin jijiyoyi.

To, a nan babban haɗarin yake. Sababbin jijiyoyin suna tsirowa, amma ba su da ƙwari ko kaɗan, kuma suna fitowa a inda bai kamata ba. Suna yaɗo su shiga cikin ruwan nan mai kauri kamar farin ƙwai da ya cika cikin ido. Ranar da ɗaya ta fashe, jini ya cika idon, shi ne jan hayaƙin da kawu ya gani. Idan aka bar su, sai su zama tabo, tabon ya riƙa tsukewa yana jan tantanin gani har ya ɓamɓaro shi daga mazauninsa. Wani lokaci kuma su tsiro ta gaban ido, su toshe magudanar ruwansa, idon ya yi tauri, ya kama ciwo mai hana barci. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne, sababbin jijiyoyin nan suna iya cika ido alhali mai idon yana karanta jarida ba tare da wata matsala ba. Cutar ba ta yin sallama. Ranar da mutum ya lura, sau da yawa ta riga ta yi shekaru tana aiki.

Matsalar kuwa ba ta mutum ɗaya ko biyu ba ce. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2021 manya miliyan 537 ne ke ɗauke da cutar a faɗin duniya, miliyan 24 daga cikinsu a Afirka, kuma fiye da rabin na Afirkan ba su ma san suna da ita ba. A Najeriya kaɗai ƙiyasin na 2021 ya haura miliyan uku da rabi. Bincike ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na masu ciwon suga cutar ta riga ta taɓa tantanin ganinsu, ko kaɗan ko da yawa, kuma iya daɗewar mutum da suga iya ƙaruwar haɗarinsa. Mafi yawansu magidanta ne da iyaye mata masu ƙarfi a jika, waɗanda bakuna da yawa ke ci a ƙarƙashinsu.

Yanzu mu zo kan maganin. Tarihinsa ya faro ne daga husufin rana. A watan Yulin 1945 an yi husufi a Turai, wasu mutane suka ƙura wa rana ido, hasken ya bar musu tabon ƙuna a tantanin gani. Wani matashin likitan ido a Jamus, Gerd Meyer-Schwickerath, ya duba irin wannan tabo, sai tunani ya zo masa cewa idan haske na iya yin ƙuna a cikin ido ba tare da an yanka shi ba, to ana iya sarrafa shi a yi ƙunar a daidai inda ake so, a matsayin magani. Ya ɗora madubai a kan rufin asibiti a birnin Hamburg, yana tattaro hasken rana yana shigar da shi idon majiyyaci, kuma a 1949 ya yi nasarar yin aiki da shi. Da yake ƙasarsu gajimare ya yi yawa, rana ba ta samuwa kullum, sai ya haɗa kai da kamfanin Zeiss suka ƙera fitila mai ƙarfi a 1956. A 1960 aka ƙera leza ta farko a Amurka, wato haske mai launi ɗaya wanda ake iya tsuke shi ya sauka a kan ɗigo guda, kuma ba a daɗe ba likitocin ido suka karɓe ta.

A birnin Boston kuma, wasu likitoci biyu masu kula da idon masu suga, William Beetham da Lloyd Aiello, sun lura da wani abu. Idon da ya riga ya sami tabo mai yawa a tantaninsa saboda wata tsohuwar cuta, ba kasafai miyagun jijiyoyin nan ke tsirowa a cikinsa ba. Sai suka fara yin tabon da gangan, ɗigo-ɗigo, da hasken leza. Likitoci da yawa a lokacin sun yi shakka, domin hankali bai saba da a ce lalata wani sashe na ido zai ceci ido ba. Don a raba gardama, a farkon shekarun 1970 cibiyar binciken ido ta gwamnatin Amurka ta shirya babban gwaji a asibitoci 15, da majiyyata fiye da 1,700. Kowane majiyyaci aka yi wa ido ɗaya aiki, aka bar ɗayan domin a kwatanta. Zuwa 1976 sakamako ya fito fili: aikin ya rage haɗarin mummunar makanta da fiye da rabi. Bambancin ya yi yawan da masu binciken suka sauya tsarinsu tun kafin wa'adi ya cika, domin su yi wa idanun da aka bari masu haɗari aiki su ma. A 1985 wani gwajin, mai majiyyata fiye da 3,700, ya nuna cewa leza tana rage haɗarin raguwar gani da kusan rabi ga masu kumburin tsakiyar tantani. Ke nan wannan magani ya kusa shekara hamsin da tabbata, kuma miliyoyin mutane sun amfana da shi.

Mai sauraro zai tambaya, ta yaya ƙuna ke zama magani? Ka dubi makiyayi a shekarar fari. Ciyawa ta yi ƙaranci, garke ya yi yawa, in ya ce zai riƙe duka, duka za su rame su faɗi. Mai hankali sai ya rage wasu, domin abin da ke akwai ya ishi waɗanda suka fi daraja. Haka likita ke yi. Yana bin gefe-gefen tantanin, inda jini ya riga ya yanke, yana sauke ɗigon haske, kowane ɗigo bai wuce rabin milimita ba. Yakan yi ɗigo 1,200 zuwa 1,600, wani lokaci fiye, ya kewaye tantanin, ya bar tsakiyar da ake karatu da ita bai taɓa ba. Da yankin da ke kukan yunwa ya ragu, sai sinadarin da ke kiran sababbin jijiyoyi ya ragu, jijiyoyin su yanƙwane su daina barazana. Wannan shi ne babban aikin. Akwai kuma ƙaramin aiki, inda likita ke sauke 'yan ɗigo kaɗan marasa ƙarfi a kan wuraren da ke yoyo, domin kumburi ya sauka.

Na shiga ɗakin tare da kawu ranar da aka yi masa na farko, domin sai da likita ta yarda in zauna a kusa sannan ya amince. An ce ya karya kumallo ya sha maganinsa kamar kullum, ya kuwa yi. Ɗaki ne ɗan ƙarami, an rage haskensa. Babu gadon tiyata, babu wuƙa, babu allurar barci. An ba ni wani tabarau na kariya na saka. Kawu ya zauna a kujera, ya ɗora haɓarsa a kan wani ɗan maɗori, ya jingina goshinsa, kamar dai yadda ake yi in za a duba ido. An ɗiga masa maganin buɗe ƙwayar ido, aka ɗiga na kashe zafi, sannan likita ta shafa wani ruwa mai yauƙi a kan wani ɗan gilashi, ta ɗora shi a kan idon, shi ne ya riƙe fatar idon kada ya ƙifta. Ta ce, "Baba, ka dubi wannan ɗan hasken, kada ka motsa. In ka ji zafi ka ɗaga hannu, zan tsaya." Sai ta fara taka wani abu da ƙafarta, na'urar tana ƙara ƙit, ƙit, ƙit, koren haske yana walƙawa.

Kawu ya damƙe carbinsa. Can sai ya ɗaga hannu, ta tsaya. Ya ce ya ji wani ɗan suka can ciki, har zuwa gefen kai. Ta ce haka ne, akwai wuraren da jijiyar ji ke bi ta ƙasa, za ta rage ƙarfin hasken a nan. Ta bar shi ya huta, ya sha ruwa, suka ci gaba. Cikin minti ashirin da 'yan kai aka gama zaman farko. Da ya miƙe ya ce komai ya yi masa duhu-duhu da ja-ja, kamar wanda ya kalli walda. Ta ce zai washe kafin yamma, amma dishi-dishi zai iya kai 'yan kwanaki. Na saka masa baƙin tabarau, na riƙe hannunsa muka hau mota, muka kwana a gida. Sau uku muka je kafin a kammala idon. A hanyar dawowa ta ƙarshe ya ce da ni, "Ashe abin da nake gudu ke nan? Cire haƙori ya fi shi wuya."

Jama'a, gaskiya ɗaya ce, kuma dole a faɗe ta cikakkiya. Aikin leza yana da abin da yake ɗauka. Tunda gefen tantani ake taɓawa, wasu sukan ga ganinsu na gefe ya ragu. Wasu ganin dare ya yi musu rauni, ko kuma in sun fito daga rana sun shiga ɗaki idon ya daɗe bai saba da duhun ba. Direban da ke tafiyar dare ya kamata ya zauna da likita su tattauna wannan tun kafin a fara. Wani lokaci tsakiyar tantani takan ɗan kumbura bayan aikin, shi ya sa ake raba shi zama biyu ko uku. Kuma akwai idon da sai an ƙara masa aiki bayan watanni, saboda haka wanda aka yi wa leza bai gama da asibiti ba. Babban abin da ya kamata a gane shi ne, leza tana tsare ganin da ya saura ne. Abin da ya riga ya mutu a tantanin, ba ta dawo da shi. Wanda ya shiga ɗakin da tsammanin zai fito yana gani kamar ɗan shekara ashirin, zai fito da ɓacin rai, ko da aikin ya yi kyau matuƙa.

Daga nan ne jita-jitar nan ta samo asali, wadda ake yaɗawa a majalisa da gidajen biki, cewa wane yana gani aka yi masa leza ya makance. Idan ka bi diddigi, sau da yawa za ka tarar mutumin ya je ne bayan jijiyoyin sun cika idon, tabo ya fara ja, jini na dab da zuba. Leza takan ɗauki makonni kafin jijiyoyin su yanƙwane, kuma a cikin wannan tsakani jinin na iya zuba. Wani kuma zama ɗaya ya yi, ya ji ɗan zafi, bai koma ba, aikin ya tsaya a rabi. Cutar ce ta ƙarasa abin da ta faro, amma sai laifin ya hau kan magani. Illar wannan magana ita ce, mutum goma da za su tsira in sun je da wuri, sai su ji ta su noƙe. Duk wanda ke yaɗa ta ba tare da sani ba, ya ji tsoron Allah, domin idon wani yake wasa da shi.

A shekarun baya-bayan nan an sami wani maganin, wato allurar da ake yi a cikin ido, irin su Avastin da Lucentis da Eylea. Aikinta shi ne kashe ƙarfin sinadarin nan mai kiran sababbin jijiyoyi. Ga kumburin da ya kama ainihin tsakiyar tantani, yau allurar ce likitoci suka fi gabatarwa, domin takan ƙara gani, abin da leza ba ta cika yi ba. Tana kuma maganin sababbin jijiyoyin. Sai dai ƙarfinta na 'yan makonni ne. A farko kusan kowane wata ake yin ta, kuma ana iya shafe shekaru ana bibiya. Wanda ya fara ya yanke, jijiyoyin na iya dawowa da ƙarfi fiye da da. Ita kuwa leza, in an kammala ta, amfaninta yakan daɗe shekara da shekaru. Ka auna wannan da halin mutumin da zai taso daga ƙauye mai nisan tafiyar awa huɗu, ya biya kuɗin motarsa da na ɗan rakiya, ya bar gona ko shago, sannan ya sayi allura. Ga irin wannan bawan Allah, kuma su ne mafi yawa a cikinmu, leza rahama ce babba. Sau da yawa ma likita kan haɗa biyun. Zaɓin na likita ne bayan ya duba idon, amma haƙƙin majiyyaci ne ya faɗa masa gaskiyar nisan gidansa da ƙarfin aljihunsa, domin a ɗora shi a kan hanyar da zai iya kai wa ƙarshe.

Idan aka makara har jini ya ƙi washewa, ko tantani ya ɓamɓaru, sai dai babbar tiyata, wadda masu yin ta kaɗan ne, kuɗinta da yawa, kuma ba kullum take dawo da gani ba. Ita aka yi wa kawu a idon dama, abin da aka samu bai wuce ya bambance haske da duhu ba. Haka kuma kada wanda aka yi wa leza ya ɗauka an raba shi da cutar. Tushen matsalar na cikin jini. Wani babban bincike da aka bayyana a 1993 ya nuna cewa masu nau'in suga na farko da suka tsare sugansu sosai sun rage haɗarin kamuwar ido da kusan kashi uku cikin huɗu. Wani kuma a Birtaniya a 1998 ya nuna cewa saukar da hawan jini yana rage ci gaban cutar a idon masu nau'i na biyu. Shan magani a kan ƙa'ida, kula da abin da ake ci, motsa jiki, barin taba, auna hawan jini, duk kula da ido ne.

To yaushe ya kamata a je? Ƙa'idar da likitoci suka yi ittifaƙi a kai mai sauƙi ce. Wanda aka gano yana da nau'in suga na biyu, wanda shi ne ya fi yawa a cikin manya, a duba idonsa tun lokacin da aka gano, domin wataƙila cutar ta yi shekaru a jikinsa bai sani ba. Mai nau'i na farko, wanda yakan kama yara da matasa, a duba shi cikin shekara biyar da kamuwa. Daga nan kuma kowa sau ɗaya a shekara, ko fiye in likita ya ce. Mace mai suga da ta sami juna biyu a duba ta tun a watannin farko, domin ciki na iya hanzarta cutar. Kuma dubawar da ake nufi ita ce wadda ake ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe a leƙa can ciki, ko a ɗauki hoton tantanin da na'ura. Karanta haruffa a jikin allo da gwada tabarau ba su wadatar ba. Wanda kuma ya ga zare-zare ko hayaƙi ko wani labule ya sauko masa a ido farat ɗaya, kada ya kwana biyu bai ga likitan ido ba.

An gwada wannan hanya an ga amfaninta. A Ingila, tun daga 2003 aka fara shirin kiran duk mai ciwon suga daga ɗan shekara 12 zuwa sama a ɗauki hoton idonsa, wanda aka ga alama a tura shi wurin likita. Wani bincike da aka wallafa a 2014 ya nuna cewa, a karon farko cikin aƙalla shekara hamsin, ciwon suga ya sauka daga matsayin babban abin da ke makantar da masu shekarun aiki a can. Abin da suka yi shi ne gano cutar da wuri da kai mutane ga magani a kan lokaci.

Mu a nan, ƙwararrun likitocin tantanin ido ba su da yawa, kuma suna tattare ne a manyan birane, a wurare irin su Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa da manyan asibitocin ido. Saboda haka kiranmu na farko ga gwamnatocin jihohi ne. A samar da na'urar ɗaukar hoton ido a asibitocin da masu suga ke zuwa karɓar magani, a horar da ma'aikatan jinya su riƙa ɗauka, a tura hoton ga likita ta waya. A samar da na'urar leza aƙalla a babban asibitin kowace jiha, da wutar da za ta riƙe ta, da wanda zai gyara ta in ta lalace, da likitan da aka horar a kanta. A saka duba ido da aikin leza a cikin inshorar lafiya. Masu hannu da shuni da ke ɗaukar nauyin aikin yanar ido kyauta, Allah ya saka musu da alheri, muna roƙon su waiwayi wannan ɓangare. Mai yanar ido in ya jira shekara, ana iya cire ta ya gani. Mai wannan cuta in ya jira shekara, mai yiwuwa babu sauran abin da za a ceto.

Likitoci da ma'aikatan jinya da ke duba masu suga, da masu shagunan magani da ke sayar musu da ƙwayoyi kowane wata, ku riƙa tambaya ɗaya: yaushe rabon da a duba maka ido? Malamanmu, ku sanya wannan a cikin nasiha, domin neman magani ba ya cin karo da tawakkali, kuma ido amana ne. Ku kuma 'ya'ya da jikoki, ku ne za ku kama hannun Baba da Inna ku kai su. Ku tafi da baƙin tabarau, kada ku bar su su tuƙa mota ko babur a ranar, ku zauna ku ji bayanin likita tare da su, kuma ku tabbata an koma kowane zama har a kammala.

Kawu yau shekararsa shida da yin aikin. Idon dama ya tafi. Na hagu yana nan, da shi yake karanta Alƙur'aninsa mai manyan baƙaƙe, da shi yake yanka yadi, yara na ɗinkawa. In magariba ta yi sai an riƙa masa fitila zuwa masallaci, kuma duk wata shida yana komawa a duba shi. Ido biyu, mutum ɗaya, cuta ɗaya. Bambancinsu kawai shi ne an kai ga ɗaya a kan lokaci, ɗayan kuwa an yi masa haƙuri na wata biyar.

Saboda haka, mai sauraro, idan kana da ciwon suga, ko kina da shi, ko akwai mai shi a gidanku, kada a jira sai gani ya ragu. A je asibitin ido cikin wannan wata, a ce da su, "Ina da suga, na zo a duba mini bayan ido." Idan likita ya ce sai an yi leza, a yi tambaya har a gamsu, sannan a yi ta, a kuma kammala ta. Allah ya tsare mana ganinmu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.